Sauri Ko Araha? SSD Da Faifai Mai Juyawa A Ma'aunin Ɗalibin Sokode Da Dapaong

Ɗalibin da ya shiga shagon mai gyaran kwamfuta a Sokode ko a Dapaong, riƙe da tsohuwar kwamfutar cinya da 'yan kuɗin da ya daɗe yana tarawa, tambaya ɗaya ce ke jiran sa: wace ma'adana za a saka mata? Mai gyara zai ajiye masa abu biyu a kan tebur. Na farko faifai mai juyawa, wanda masu sana'ar a Togo suka fi kira da sunansa na Faransanci, disque dur, an rubuta masa terabayit guda a bayansa. Na biyu SSD, 'yar aba marar nauyi, wadda a kuɗi makamancin wannan sau da yawa abin da take ɗauka bai kai na faifan ba. Ido kan tafi ga babbar lamba, zuciya kuma ta bi ido.

Ra'ayin da wannan rubutu ke karewa shi ne cewa babbar lambar nan ruɗi ce ga mafi yawan ɗalibai. Kuɗin farko SSD ya kamata su tafi, ko da ƙarama ce, domin ita ce ke ɗauke da aikin yau da kullum. Faifai mai juyawa kuwa bai zama tarkace ba, sai dai wurinsa ya sauya: ya bar cikin kwamfuta ya koma rumbu, inda ake ajiye kwafi na biyu. Wanda ya ɗora duk aikinsa a kan ɗaya daga cikinsu kaɗai, ko wacce ce, ya yi ciniki marar riba.

Abin da ake ajiyewa

Kafin a auna ma'adana, ya kamata a san darajar abin da za a zuba a cikinta. Hausa ba baƙuwa ba ce a arewacin Togo. Tun kafin zuwan Jamusawa, fataken goro daga Kano da Katsina sukan ratsa Borgu da Jugu su bi ta ƙasar Kwatakwali, inda Sokode take a yau, a kan hanyarsu ta zuwa Salaga a ƙasar Gwanja. Wasu ayarin kuma ta Sansanin Mango suke bi, kudu da Dapaong. Zangunan da waɗannan fatake suka kafa su ne asalin unguwannin da har yanzu ake jin Hausa a cikinsu, tana cuɗanya da harshen Tem a Sokode, da Moba da Gurmanci a Dapaong, da Faransancin makaranta da ofis a ko'ina. Ga ɗalibin harshe, wannan Hausar fage ce ta nazari: yadda take aron kalmomi, yadda karin sautinta ke sauyawa, da tarihin da dattawan zango ke riƙe da shi a ka.

Tarihi ya riga ya ba da darasi a kan ajiya a wannan yanki. Alhaji Umaru, malamin da aka haifa a Kano a 1858, ya zauna a Salaga sannan ya koma Kete-Karaci lokacin tana ƙarƙashin Togo ta Jamus, ya rasu a can a 1934. Rubuce-rubucensa na Hausa da Larabci sun iso hannun manazarta na yau ne domin ba su tsaya a kwafi ɗaya ba: almajirai sun juya su da hannu, wasu kuma sun bi ta hannun jami'in Jamus Adam Mischlich, wanda ya wallafa ƙamus ɗin Hausa a 1906. Abin da aka kwafa ya tsira.

Ɗalibin yau yana tara irin wannan dukiya da waya da rakoda: muryar dattijo mai ba da tarihin zango, waƙar biki, hotunan shafukan ajami da aka ba shi aro na yini guda. Kundin digiri idan ya salwanta ana iya sake rubuta shi da wahala. Hirar da aka yi da tsoho mai shekara 85 kuwa ba lallai a same ta karo na biyu ba. Bugu da ƙari, tun watan Yunin 2022 yankin Savanes, wanda Dapaong ce hedikwatarsa, ya shiga dokar ta-ɓaci ta tsaro, saboda haka komawa wasu ƙauyuka don maimaita naɗi ba abu ne mai sauƙi ba. Da wannan ma'auni ya kamata a duba kayan da ke kan teburin mai gyara.

Yadda kowacce ke aiki

Kalmar faifai ta yi doguwar tafiya a Hausa. Daga faifan kaba da ake rufe ƙwarya da shi, ta koma faifan garmaho, sannan faifan CD, har ta iso ma'adanar kwamfuta. Sunan ya dace, domin a cikin akwatin ƙarfen akwai fayafayai na gaske, na sanholo ko na gilashi, da aka shafe su da sinadari mai riƙe maganaɗisu. Inji yana juya su sau 5,400 a minti guda a yawancin kwamfutocin cinya, ko sau 7,200 a na tebur. Wani siririn hannu yana kai da kawowa a kansu, a bakinsa akwai ɗan kan da ke karatu da rubutu, yana shawagi a kan iska ba tare da ya taɓa faifan ba. Tazarar da ke tsakaninsu 'yan nanomita ce, wato gashin mutum ya fi ta kauri sau dubbai. Fasahar tsohuwa ce: kamfanin IBM ya fito da ita a 1956, da wata na'ura mai fayafayai 50, faɗin kowanne inci 24, wadda duka-duka haruffa miliyan 5 take ɗauka.

SSD kuwa babu abin da ke motsi a cikinta. Ƙwaƙwalwar filash ce, 'yar'uwar wadda ke cikin waya da katin ajiya, tana tsare cajin lantarki a cikin ƙananan ɗakuna biliyoyi. Injiniyan Japan Fujio Masuoka ne ya ƙirƙiro wannan ƙwaƙwalwa a kamfanin Toshiba a shekarun 1980. A 1991 kamfanin SunDisk, wanda daga baya ya zama SanDisk, ya sayar da SSD mai megabayit 20 a kan kimanin dalar Amurka 1,000. Daga wancan lokaci farashinta ya yi ta sauka har ta zama abin da ɗalibi ke iya tayawa.

Daga wannan bambanci na jiki duk sauran bambance-bambancen suka fito. Ɗaya sai ta yi tafiya kafin ta kai ga bayani, ɗaya kuma tana zaune a kansa.

Inda saurin yake

Masu talla sun fi son ambaton yawan megabayit a daƙiƙa. Faifan kwamfutar cinya yakan kwashe tsakanin megabayit 80 zuwa 140 a daƙiƙa idan babban fayil guda yake karantawa. SSD mai mahaɗin SATA tana kai kimanin 550, mai mahaɗin NVMe kuma tana kai 3,500 ko ma 7,000 gwargwadon zamanin kwamfutar. Waɗannan lambobi gaskiya ne, amma ba su ne abin da ɗalibi ke ji a jikinsa ba sa'ad da yake zaune yana jiran kwamfuta ta farka.

Abin da yake ji shi ne jinkirin nema. Faifan da ke juyawa sau 5,400 a minti yana yin zagaye 90 a daƙiƙa. Kafin wurin da ake nema ya iso ƙarƙashin kan karatu, a matsakaicin lissafi sai an jira rabin zagaye, wato kimanin milisakan 5.6, milisakan kuwa kashi ɗaya ne cikin 1,000 na daƙiƙa. A ƙara lokacin da hannun ke ɗauka kafin ya kai ga layin da ake so, jimilla ta haura milisakan 12. Ma'ana, idan bayanan a warwatse suke, faifan ba ya iya ɗauko fiye da gutsure 70 zuwa 100 a daƙiƙa. SSD tana amsa irin wannan kira a kimanin kashi ɗaya cikin goma na milisakan, kuma tana amsa kira da yawa a lokaci guda, har ta kai dubun dubata a daƙiƙa. Tashin Windows, buɗe Word, neman kalma a cikin ɗaruruwan takardun PDF, duk aiki ne na tsintar ƙananan gutsattsari daga wurare dabam-dabam. Shi ya sa kwamfutar da ke cin minti biyu ko uku kafin ta shirya da faifai, takan shirya cikin daƙiƙa 20 ko 30 idan an saka mata SSD, alhali ba a taɓa komai nata ba ban da ma'adanar.

Wannan ya shafi ɗalibin harshe kai tsaye. Mai rubuta hira da manhajar ELAN, ko mai auna karin sauti da Praat, yana buɗe fayiloli yana rufewa, yana tsalle daga minti na 3 zuwa na 47, ga ƙamus a buɗe, ga babin kundi a gefe. Tsohuwar kwamfuta mai ƙwaƙwalwar aiki ta gigabayit 4 kan cika da wuri, sai ta riƙa aron wuri a ma'adana. Idan ma'adanar faifai ce, nan take komai ke tsayawa cik. Idan SSD ce, aikin yakan ci gaba ko da ya ɗan yi nauyi.

Akwai kuma gargaɗi ga mai sha'awar manyan lambobi. Kwamfutar da aka ƙera a 2012 ko 2014 galibi mahaɗin SATA kaɗai gare ta, don haka sayen NVMe saboda ita asarar kuɗi ce. Ko a wadda ke karɓar NVMe ɗin, tazarar da ke tsakaninta da SATA a aikin rubutu da sauti ƙarama ce idan aka kwatanta da tsallen da ake yi daga faifai zuwa kowace irin SSD. Haka nan ma'adanar waje: idan aka jona ta a kafar USB 2.0, abin da zai wuce bai fi megabayit 35 zuwa 40 a daƙiƙa ba, ko da SSD mafi tsada ce. Kwafin gigabayit 50 ta wannan kafa zai ci fiye da minti 20. Ta kafar USB 3.0, wadda sau da yawa ake gane ta da shuɗin baki, faifai zai gama cikin minti 8 ko 9, SSD kuma cikin minti 2 ko 3. Sauri ba na ma'adana kaɗai ba ne, har da ƙofar da take bi.

Hanya, zafi da wuta

Gwaje-gwajen da ake karantawa a intanet a ɗakuna masu sanyi ake yin su, a kan teburin da ba ya motsi. Kwamfutar ɗalibi a arewacin Togo ba haka take rayuwa ba. Tana hawa zemijan a cikin jakar goyo. Tana bin babbar hanya mai lamba 1 daga Sokode ta tsaunukan Alejo zuwa Bafilo da Kara, ta wuce Kante da Mango har Dapaong, tafiyar kusan kilomita 300, a motar haya cike da kaya. Idan faifai yana kashe, kan karatunsa a fake yake a gefe, yana iya jure girgiza gwargwadon hali. Haɗarin yana zuwa ne sa'ad da yake juyawa: a ɗauki kwamfuta tana kunne, ko a rufe ta a jefa cikin jaka kafin ta gama kwanciya, ko yaro ya ja igiyar faifan waje ya faɗo daga benci. Bugu guda ya isa kan ya gogi faifan, abin da ke wurin kuma ya tafi. SSD ba ta da wannan rauni. A nan fifikonta ba na sauri ba ne, na tsira ne.

Zafi kuwa abokin gabar dukansu ne. A watannin Maris da Afrilu zafin Dapaong yakan kai digiri 40. Ƙurar hunturu da ta gabaci wannan lokaci ba ta cika shiga cikin faifai ba, domin akwatinsa a rufe yake da matata, amma tana toshe fankar kwamfuta, zafin ciki ya ƙaru. Hure fankar da iska sau ɗaya ko biyu a shekara yana ƙara wa kowace ma'adana kwana.

Sai batun wuta. Ɗaukewar lantarki ba baƙon abu ba ne, kuma Togo ta sha fama da rabon wuta a 2024. SSD ta fi faifai tattalin batir, musamman a lokacin da ba a neman komai a wurinta, domin babu injin da take ciyarwa. Sai dai ba ta son a yanke mata wuta tana tsakiyar rubutu: jadawalin da take riƙe da shi na inda kowane bayani yake yana iya rikicewa, musamman a masu araha. Kwamfutar cinya mai lafiyayyen batir ta tsira daga wannan. Wadda batirinta ya mutu kuwa, kamar yadda yawancin na hannu suke, tana mutuwa ne tare da wutar gari. Ga mai irin wannan, sabon batir wani ɓangare ne na kuɗin ma'adana.

Nawa ne ya isa?

Babbar hujjar masu fifita faifai ita ce girma, saboda haka ya kamata a yi lissafi. Naɗin murya mai inganci, na fayil ɗin WAV mai kilohaz 48 da bit 16 a layi guda, yana cin kimanin megabayit 346 a awa. Awa 100 na hira, wanda ya zarce abin da yawancin kundayen digiri na biyu ke buƙata, gigabayit 35 ke nan. Hotunan shafi 2,000 na ajami, kowanne megabayit 5, gigabayit 10 ne. Kundin kansa da duk gyare-gyarensa ba zai cika gigabayit guda ba. A ware wa Windows da manhajoji gigabayit 60. Jimilla ba ta kai 110 ba. SSD mai gigabayit 256, wadda Windows zai nuna ta a matsayin 238 saboda bambancin ƙidaya, ta ɗauke wannan duka har da rarar rabi. Rarar kuma tana da amfani, domin SSD takan yi nauyi idan aka cika ta maƙil.

Abin da ke cinye wuri shi ne bidiyo. Awa guda ta hoto mai motsi daga waya, a ingancin 1080, tana iya cin gigabayit 6 zuwa 8. Wanda ya ɗauki bikin Gadao-Adossa a Sokode, ko wasan dambe, ko zaman tafsiri na wata guda, zai cika ƙaramar SSD kafin ya ankara. Amma bidiyon da aka gama ɗauka ba kullum ake buɗe shi ba, kuma idan an buɗe shi a jere ake karanta shi, aikin da faifai ya iya sarai. Wurinsa ke nan a faifan waje. Gaskiyar magana, terabayit ɗin da ke cikin kwamfutocin ɗalibai da yawa finafinai da waƙoƙi ne suka cika shi, ba nazari ba. Biyan jinkiri na kowace safiya saboda a ajiye finafinan da aka riga aka kalla ba tattali ba ne. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado.

Hujjar faifai mai juyawa

Adalci ya wajabta a saurari ɗaya ɓangaren, domin yana da hujjoji masu ƙarfi. Ta farko ita ce kuɗi: idan ana maganar terabayit 2 ko 4 zuwa sama, kowane gigabayit na SSD ya ninka na faifai tsada. Shi ya sa manyan cibiyoyin ajiyar bayanai na duniya har yanzu a kan fayafayai suke ɗora mafi yawan kayansu, kamfanoni uku da suka rage a sana'ar, Seagate da Western Digital da Toshiba, suna ta ƙera masu terabayit 20 da ɗoriya.

Ta biyu ita ce ajiya ta dogon lokaci. Cajin da SSD ke tsarewa yana zurarewa sannu a hankali idan ba a ba ta wuta ba, zafi kuma yana gaggauta zurarar. Ƙa'idar hukumar JEDEC ta tanadi cewa SSD ta amfanin gida, idan ta cinye adadin rubutun da aka ƙiyasta mata, ta riƙe bayani shekara guda ba wuta a zafin digiri 30. Sabuwa takan wuce haka da nisa, amma SSD ta hannu da aka jefa a akwatin ƙarfe a ɗakin kwano a Dapaong, aka manta da ita shekara uku, ba abin dogaro ba ce. Maganaɗisun faifai ya fi haƙuri a wannan fanni, ko da yake shi ma injinsa yana son a riƙa tada shi lokaci-lokaci.

Ta uku ita ce yanayin mutuwa. Faifai sau da yawa yakan yi jinya: ya fara ƙara, ya yi nauyi, wasu fayiloli su ƙi buɗewa, mai shi ya sami damar kwashe abin da ya rage. SSD kan iya mutuwar farat ɗaya, jiya lafiya, yau kwamfuta ba ta ma ganin ta. Haka kuma fayil ɗin da aka goge bisa kuskure a faifai yana nan kwance har sai an rubuta wani a kansa, manhaja tana iya tono shi. A SSD akwai umarnin da ake kira TRIM, wanda ke share wurin ba da jimawa ba, sai a nemi fayil a rasa.

Waɗannan hujjoji ba su rushe ra'ayin farko ba, iyaka suka yi masa. Sun nuna cewa SSD wurin aiki ce, ba wurin ajiya ba. Tsoron da ake yawan yaɗawa cewa rubutu yana cinye ta da wuri kuwa bai shafi ɗalibi ba. SSD mai gigabayit 250 daga sanannen kamfani takan zo da alƙawarin jure rubutun terabayit 100 ko 150. Mai rubuta gigabayit 10 kowace rana sai ya shekara fiye da 25 kafin ya kai terabayit 100.

Wani zai ce intanet ta raba gardama, a ɗora komai a Google Drive a huta. Lallai ajiyar intanet tana da amfani, kuma Togo ta ƙara samun ƙarfi tun da igiyar ƙarƙashin teku ta Equiano ta sauka a Lome a watan Maris na 2022. Sai dai gigabayit 15 ne kyauta, ɗora gigabayit 35 na sauti da datar waya kuma kuɗi ne. Ba a kuma manta da cewa an katse intanet a ƙasar na kwanaki a watan Satumban 2017 ba. Intanet ta dace da kundi da rubutattun hirarraki, waɗanda ba su da nauyi. Ba ta maye gurbin faifan da ke hannu ba.

A kasuwa

Kayan kwamfuta da ake samu a Sokode da Dapaong mafi yawansu ta tashar jiragen ruwa ta Lome suke shigowa, ko ta kasuwar kan iyaka ta Sinkase, kuma da yawa na hannu ne. Farashinsu yana bin iskar duniya: ambaliyar da ta shafi masana'antun Tailan a 2011 ta tsauwala kuɗin faifai a ko'ina, kuɗin filash kuma ya faɗi ƙwarai a 2023 sannan ya sake hawa. Saboda haka farashin bara ba hujja ba ce a bana, sai an taya.

Abin da ya fi farashi muhimmanci shi ne gwaji, domin gani ya kori ji. Kowace ma'adana tana riƙe da tarihin lafiyarta a tsarin da ake kira SMART, manhajar CrystalDiskInfo kuma, wadda kyauta ce, tana karanta shi cikin daƙiƙoƙi. Tana nuna awannin da ma'adanar ta yi tana aiki, da guraben da suka lalace a faifai, da abin da ya rage na kwanan SSD. Faifan da ya yi awa 30,000 ya kwashe fiye da shekara uku yana juyawa ba hutu, ko da an goge bayansa yana ƙyalli. Wanda ya fara nuna lalatattun gurabe a bar shi, ko kyauta aka bayar.

Jabu kuma ya fi yawa a ɓangaren filash. Ana sayar da 'yan akwatuna da sunan SSD ta waje mai terabayit 2 ko 16 a kuɗin da bai kai na faifai ba, alhali ƙaramin katin ajiya ne a ciki da aka koya masa yin ƙarya game da girmansa. Yana karɓar fayiloli ba musu, yana nuna sunayensu, sai ranar buɗewa a tarar babu komai. Manhajar H2testw tana cika ma'adana da bayani ta sake karantawa, ta tona asirin irin wannan. Ɗalibi ya nemi a yi gwajin kafin ya biya, ko a amince masa ya mayar idan ta faɗi. Mai kayan kirki ba ya gudun gwaji.

Kammalawa

Tsarin da ya fi dacewa da aljihun ɗalibi bai da wuya. A saka SSD mai gigabayit 256 ko 512 a cikin kwamfuta, ta ɗauki Windows da manhajoji da aikin da ake kai. Tsohon faifan da aka cire, idan gwaji ya nuna lafiyarsa ƙalau, kada a bar wa mai gyara shi a matsayin cikon ciniki. A saya masa ɗan gida mai igiyar USB 3.0, wanda ba shi da tsada, ya zama rumbu. Duk ranar da aka dawo daga naɗi, kafin a kwanta, a kwafi sabon fayil daga rakoda zuwa SSD, daga SSD zuwa faifai, kuma kada a goge katin rakodar sai an buɗe kwafin an saurara. Faifan ya zauna a gida, kada ya bi kwamfuta cikin jaka ɗaya, domin ɓarawo da ruwan sama ba sa zaɓe. Kundi da rubutattun hirarraki su hau intanet kowane mako. Kayan da ba su da madadi, kamar muryoyin dattawa da hotunan ajami, a yi musu kwafi na uku a ajiye a wani gari: ɗalibin Jami'ar Kara ɗan Dapaong ya bar ɗaya a gida, ɗaya a wurin malaminsa. Wannan shi ne abin da masana ajiya ke kira ƙa'idar 3-2-1: kwafi uku, a ma'adana iri biyu, ɗaya a nesa.

Wanda kuɗinsa ba su kai ga duka a lokaci guda ba, ya fara da SSD ya mayar da tsohon faifansa rumbu, domin da kuɗi ɗaya ya sami sauri da kwafi na biyu. Wanda kuma kwamfutarsa ta riga ta zo da SSD, kada ya sayi babba kafin ya mallaki faifan waje. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da kwamfuta ta ƙi tashi ana saura mako biyu a miƙa kundi, babu mai tambayar megabayit nawa ma'adanar ke gudu a daƙiƙa. Tambayar ita ce ko muryar dattijon zango tana nan a wani wuri.